Tocilar Yaya Sabi'u

Ranar wata Juma'a ce, 'yan kwanaki bayan Maulidi, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, Yaya Sabi'u ya dawo daga Legas da tocilar. Ɗibar tumatir ta kankama a lokacin. Duk bakin hanyar da ta ratsa ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, kwanduna ne jere suna jiran mota, ƙasa ta yi jawur da ruɓaɓɓen da aka zubar, ƙudaje sun samu nasu. Yaya Sabi'u ɗan Baffa ne, Baffa kuwa yayan mahaifina ne, kuma shi ke raka motar kayan gwari zuwa kudu. Saurayi ne dogo mai fara'a, wanda in ya zauna a wuri sai an yi dariya. Tun la'asar ya sauka, amma bai nuna wa kowa komai ba sai da aka idar da Magariba, maza suka baje a kan tabarmi a ƙofar gida ana jiran tuwo. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wani baƙin abu da bai wuce tsawon tafin hannunsa ba, ya ce kowa ya dubi ɗorawar da ke tsallaken kanal. Babu mai ganinta, duhu ya riga ya haɗiye ta. Ya danna gindin abin. Wani farin haske ya fita a miƙe kamar an zura gora, ya tsallake filin ƙwallo, ya tsallake kanal, ya sauka a kan ɗorawar, har balbelun da suka kwanta a rassanta suka watse. Wurin ya ɗauki salati. Baffa ya riƙe haɓa ya ce, "Kai Sabi'u, wannan ai fitilar mota ka cuso a aljihu."

Daga nan aka shiga gwaji. Tocilar ta bi hannu-hannu, kowa na jinjina nauyinta, yana shafa jikinta mai sanyin ƙarfe da aka yi wa zane don kada ta zame. Mu da muka saba da tocila mai batir, wadda haskenta ja ne kamar na aci-balbal, sai an bubbuga ta a tafin hannu kafin ta kama, ba mu taɓa ganin irin wannan ba. Yaya Sabi'u ya ce ba ruwanta da batir, caji ake mata kamar waya. Ya nuna yadda dannawar farko ke ba da haske mai ƙarfi, ta biyu ta rage shi, ta uku kuma ta sa shi ƙyaftawa da sauri kamar walƙiya. In an ja kanta gaba sai hasken ya tsuke ya yi nisa, in an mayar sai ya baje ya cika zaure. Ya aika aka kawo bokitin ruwa, ya tsoma ta tana kunne, bokitin ya zama kamar an narka wata a ciki. Ya sake ta ta faɗi ƙasa, ya ɗauka, tana nan daram. Wani dattijo ya ce ta yi wa mai ban ruwa, ko maciji ne a fangali ba zai ɓuya ba. Wani ya ce aibinta ɗaya, ga shi har ta fara zafi a hannu. Ina can baya, na leƙo ta tsakanin kafaɗun manya, ina jin daɗin abin kamar kowa.

Sai Yaya Sabi'u ya ce, "Saura gwaji ɗaya. Ina Bature?"

Ni ne Bature. Sunana Nafi'u, amma ban da Inna da Baba da malamin ajinmu babu mai kirana da shi, saboda ni zabiya ne. Kafin in gane abin da yake nufi an turo ni gaba, ya ɗora hasken a tsakiyar idona. Ban san yadda zan kwatanta wa mai lafiyar ido wannan ba. Kamar an ɗumama allura an soka ta ta ido har ƙeya. Na runtse, amma fatar idona ba ta tare haske, sai na ga ja, na ga fari, hawaye suka zubo. Na kai hannu zan kare, wani ya riƙe hannun, Yaya Sabi'u na cewa, "Buɗe mana mu gani. Ku duba, ku duba yadda suke rawa! Jajaye kamar na zomo." Aka fashe da dariya, yara da manya. Da ya kashe, na daɗe ban ga komai ba sai wani koren tabo da ke yawo duk inda na juya. Ta cikin dariyar na ji ƙarar ruwa a kwano. Baba ne ke wanke hannu, tuwo ya iso.

Sai wanda ya san yadda rana take a wurina zai gane abin da aka taɓa a wannan daren. Tun ina ƙarami rana abokiyar gabata ce. Da hantsi ya ɗaga nake fara tafiya kaina a sunkuye, idona a tsuke, malafar da Inna ta ɗinke wa igiya a ɗaure a haɓata. Wuyana da kunnuwana kullum a saɓule suke, leɓena a fashe, kowane dare sai Inna ta bi su da man kaɗanya tana hura mini. A makaranta a gaban allo nake zama, a ƙasa, duk da haka rubutun malam hayaƙi ne a wurina, sai na kwafa daga littafin na kusa da ni, hancina na gogar takarda, yara na cewa Bature na shinshina karatu. In an tashi tara sauran su ruga fili, ni in rakuɓe a gindin darbejiya. Da azahar kuwa, lokacin da duk yaran gari ke tuɓewa su faɗa kanal, suna tsalle daga kan gada suna iyo har ƙofar ruwa, ina zaure ina tsinke wa Inna zogale ko ina ɓare gyaɗa, ina jiyo ihunsu. Shi ya sa a duk tsararrakina ni kaɗai ne ban iya ruwa ba.

Amma da rana ta yi ja ta faɗa bayan gonakin shinkafa, sai duniya ta dawo tawa. Idona ya buɗe gaba ɗaya, goshina ya saki, in jefar da malafa. Tsakanin Magariba da Isha babu yaron da ya fi ni. A langa ina cikin waɗanda ake fara zaɓa. A 'yar ɓuya kuwa, ko da yake farar fatata na tona ni in akwai farin wata, na san kowane rami da kowane kango, kuma kunnena na jin numfashin wanda ya laɓe a bayan rumbu. Duhu ya daidaita mu, kowa lalube yake, ni kuwa na daɗe da iya lalube. Aikina na gona ma na yamma ne. In layin ruwan Baba ya faɗo da almuru, ni ke kai masa tuwo, in tsaya in taya shi buɗe bakin fangali da toshewa, ƙafata cikin taɓo mai sanyi, kwaɗi na ta kuka, ƙanshin ganyen tumatir da aka taka na tashi. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma a irin wannan lokacin yakan ce, "Nafi'u, kai da yamma ka fi mutum biyu." Ban taɓa jin maganar da ta kai wannan daɗi ba.

Bayan wannan Juma'ar, abin ya zama wasa. Yaya Sabi'u ya samu abin nishaɗi, kuma ɗibar tumatir ba ta ƙare ba balle ya koma hanya ya daɗe. Kullum da hantsi zai kai tocilar shagon mai caji, inda janareto ke ruri, a jona ta cikin tarin wayoyi, da yamma ya karɓo ta a cike. Ina tsakiyar langa, ƙafa ɗaya a hannu, sai haske ya faɗo mini a fuska in kife. Ina laɓe a bayan turken awaki sai a haske ni, a ce ga shi nan. Ya gano cewa mai ƙyaftawar nan ta fi gigita ni, tana sa ni jiri har in durƙusa in yi amai, sai ya mayar da ita tasa. In baƙo ya zo ana nuna masa tocilar, bayan ɗorawa da bokiti, sai a aika a nemo ni. Wani lokaci yakan ba yara aro, su bi ni da ita lungu-lungu suna waƙa, su da jiya muke ɓangare ɗaya a wasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba da fushi yake yi ba. Da ya gama zai shafa kaina, wani lokaci har ya miƙo mini alewa. Da na kai ƙara wurin matar Baffa, cewa ta yi, "Wasa yake da kai, ɗan'uwanka ne. Haske ai ba ya cizo." Na koma fita ina sanɗa, ina kasa kunne ko zan ji muryarsa, ina bin bayan gida maimakon ƙofa.

Ranar da abin ya faru, ruwan Baba ya faɗo da yamma, kanal kuwa a cike yake har baki don an saki ruwa daga sama. Bayan Magariba Inna ta ɗaura mini kwanon tuwo da na miya a tsumma, na ɗora a ka na kama hanya. Gadar da muke bi ba gada ba ce ta kirki, wani siririn falalen kankare ne da aka gitta, da ƙyar mutum ɗaya ke wucewa, babu abin dafawa. Na bi ta sau ba adadi, ƙafata ta san inda ya tsage da inda gansakuka ta kama. Na kai tsakiya ke nan na ji dariya a ɗaya gaɓar, na ji ƙamshin sigari. Yaya Sabi'u ne da abokansa zaune a kan tudun kanal. Kafin in yi shawarar komawa, walƙiyar ta fara dukan idona.

Na tsaya cak. Na ce, "Yaya, don Allah kashe, ina kan gada."

Ya ce, "To ai haska maka nake, Bature. Taho mana."

Na runtse ido, amma hasken na shiga yana fita, gadar ta fara juyawa a ƙarƙashina. Na ji kwanon miya ya karkace, na kai hannu in tare, na ɗaga ƙafa na sauke ta inda babu komai.

Sanyin ruwan ne ya fara ɗauke mini numfashi. Na nutse, na taso, na sha, na sake nutsewa. Ruwan kanal a ido kamar a kwance yake, amma a ciki ja yake kamar an ɗaura maka igiya a ƙugu. Bangon kankaren santsi ne, duk inda na kai farce sai ya zame. Ban san nisan da ya tafi da ni ba, sai dai na ji an maka gefen kaina da ƙarfe. Ƙofar ruwa ce, inda tarkace da ledoji da ruɓaɓɓen tumatir ke taruwa. Na rungume wani ƙarfe, ruwa na danna ni ƙasa, bakina na fita yana komawa. Na jiyo ihu daga nesa, ana kiran sunana na gaskiya. Sai ga farin hasken nan yana sharar ruwa, ya wuce ni, ya dawo, ya tsaya a kaina. Wani ya faɗo ruwan, ya cafki wuyan rigata. Yaya Sabi'u ne. Ba zan rage masa wannan ba, shi ya shiga, kuma ruwan zai iya tafiya da mu duka. Da ya fito da ni kan tudu ya kifa ni ina aman ruwa, sai ya sunkuyo daidai kunnena kafin mutane su ƙaraso, ya ce, "Santsi ne ya ɗauke ka. Ka ji ko? Santsi."

Kafin a kai ni gida labari ya riga ni. Bature ya zame a gada, Allah ya sa Sabi'u na kusa da tocilarsa. Washegari ƙofar gidanmu ta cika da masu jaje, amma rabin maganar ta tocila ce. "Ba don fitilar nan ba, da sai dai a tsinci gawa da safe." "Da mai batir ce, ina za ta hango shi a wannan nisa?" Aka sake bin ta hannu-hannu, ana juya ta da girmamawa. Mutane da dama suka ce in zai koma Legas ya taho musu da irinta. Abokansa da suka ga komai suna zaune a wurin, suna gyaɗa kai.

Ina kwance a ɗakin Inna da zazzaɓi, an ɗaure mini goshi, kunnena na hagu na zugi yana fitar da ruwa. Tana shafa mini mai a wuya na gaya mata yadda aka yi, tun daga gada har maganar santsi. Hannunta ya tsaya a inda yake, ya daɗe bai motsa ba. Da Baba ya shigo ta ja shi bayan ɗaki, ina jin muryarta ƙasa-ƙasa, ban taɓa jin ta yi masa magana mai tsawo haka ba. Sai na ji Baba ya ce, "Na sani. Tun jiya na sani. To ya kike so in yi? Gonar ta yayana ce, gidan nasa ne. In na buɗe baki, ina za mu?" Inna ta ce, "Ɗanka ne fa." Ya ce, "Shi ya sa."

Da zazzaɓin ya sauka, Baffa ya aiko a kawo ni zaure. Yana zaune a kan buzunsa, dattawa biyu-uku a gefe, Yaya Sabi'u na tsugune kusa da ƙofa, tocilar na leƙowa daga aljihun rigarsa. Baba ne ya riƙo hannuna ya shigo da ni. Baffa ya yi mini sannu, ya yi addu'a, sannan ya ce, "To Bature, ka ga wanda Allah ya sa ya zama sanadin ranka. Durƙusa ka gode wa yayanka." Na ɗaga kai na dubi Baba. Bai dube ni ba, sai dai ya ɗan matsa hannuna, sannan ya sake shi. Na durƙusa a kan gwiwoyina a gaban Yaya Sabi'u na ce, "Na gode, Yaya. Allah ya saka da alheri." Aka ce amin. Ya shafa kaina ya ce, "Ba komai, ƙanena. Ka dai riƙa kula da hanya." Nan take Baffa ya yanke hukunci, tunda yaron nan ba ya gani sosai, daga yau kada a sake barinsa ya fita bayan Magariba, kada a ɗauki alhakinsa. Kowa ya ce wannan gaskiya ne.

Haka aka yi. Ƙanena ya karɓi kai tuwo gona. Ni kuwa da an yi sallama daga masallaci sai in wuce ɗaki, in zauna kusa da Inna tana tankaɗe ko tana saƙar hula, ina jiyo langa a waje da kunne ɗaya, don na hagun tun daga lokacin bai sake ji sosai ba. An kai ni asibiti daga baya, suka ce an makara. Da farko yara kan leƙo su kira ni, daga baya suka daina. Baba ya sayo mini baƙin tabarau a kasuwar Bunkure, ya ajiye mini a kan tabarma, kuma bai ƙara kirana gona ba. Inna ba ta da ikon komai a gidan, amma tun daga ranar har ta koma ga Allah, in Yaya Sabi'u ya gaishe ta, "lafiya" kawai take cewa, ba ta taɓa ƙara masa da ko harafi ba. Shi kuwa ban ce ya lura ba.

Tocilar ba ta yi ƙarko ba. Kafin damina ta tsaya cajinta ya fara gudu, hasken da ke kai wa ɗorawa ya koma da ƙyar yake kai bakin fili. Mai caji ya ce wutar janareto ce ta kumbura mata ciki. Aka jefar wa yara, suka kwance ta, suka cire gilashin suna ƙona ganye da shi a rana. A lokacin ma babu wanda ya damu, irinta sun cika gari, kowane mai ban ruwa da tasa. Dokar da aka kafa mini ce kawai ba ta lalace ba, ta bi ni har na bar ƙauyen na tafi makarantar kwana.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Kano. Ina da tabarau na likita da man kare fata da hula mai faɗi, kuma yaran da nake sa wa ido su zauna a gaban allo ba sa sanin dalili. Ina zuwa gida lokaci-lokaci. An sa fitilu masu aiki da hasken rana a ƙofar masallaci da bakin hanya, kowace waya da tocilarta, an yi wa gadar abin dafawa na ƙarfe. Yara sun rage langa, sun fi taruwa a kan waya ɗaya, fuskokinsu na sheƙi. Yaya Sabi'u ya zama babban dillali, ya yi tumbi, furfura ta fara fito masa, mutumin kirki ne a bakin kowa. Bara na je sunan ɗansa, ana cin waina a ƙofar gida, sai ya hango ni ya jawo ni gaban baƙinsa, ya ba su labarin daren da ya tsamo ni daga kanal, da irin tocilar da yake da ita a lokacin, wadda ya ce yanzu ba a yin mai kyanta. Ya ba da shi tsaf, har da santsin. Na dubi fuskarsa da kyau, na ga babu ƙarya a cikinta, ya daɗe da yarda da abin da yake faɗa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ko ba haka aka yi ba, Malam Nafi'u?" Baba na zaune a gefe, ya tsufa, yana kallon tabarma. Na ce, "Haka aka yi, Yaya."

Da aka yi Magariba na zaga bayan gari ni kaɗai, ina neman inda hasken fitilun bai kai ba, sai da na yi tafiya mai nisa cikin gonaki kafin in samu. Na cire tabarau na tsaya, kwaɗi na kuka, ruwa na shiga fangalin wani. A da ba sai na je neman duhu ba, har ƙofar gida yake zuwa ya same ni.